Wutar da Kofur Ishiyaku Ya Hura

Idan aka ambaci Kofur Ishiyaku a gabana nakan ce Allah ya jiƙansa, domin haka aka koya mana mu ce wa duk Musulmin da ya riga mu. Amma kada kowa ya zauna jiran in ƙara da cewa mutumin kirki ne. Ban so shi ba yana raye, kuma ƙasar da ta rufe shi ba ta canja mini ra'ayi ba. Sunana Habu, maƙeri ne ni ɗan maƙeri a garin Rano. Rumfarsa tana kallon maƙerarmu, hanya ce kawai a tsakani, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Mutumin Zinyau ne, ɗan manoma. Yana saurayi aka ɗebe shi soja lokacin yaƙin Bama, can aka haɗa shi da baburan masu kai saƙo, yana wankewa yana kwancewa yana ɗaurawa. Ya dawo da igiya biyu a hannun riga, da takalmin soja, da akwatin ƙarfe cike da sifanoni, da kuma baki mai fitar da maganar da kare ba zai ci ba. Gonar ubansa ko leƙa ta bai yi ba. Ya ce hannun da ya riƙe sifana ba zai koma riƙon fartanya ba. Fartanyar nan kuwa mu muke ƙera ta, don haka tun daga ranar muka san inda ya ajiye mu.

A wancan zamani baburan ƙasar Rano da Kibiya ba su da yawa. Akwai na malamin gona, da na malamin dabbobi, da na malamin asibiti, sai na wasu masu sayen gyaɗa da suka ji daɗin kaka. Manya ne baƙaƙe masu nauyin jaki, kuma hanyoyin da suke bi babu kwalta ko taki ɗaya. Gargada ce da yashi da ƙaya, da damina kuma rafi ya cika. Kafin zuwan Kofur, babur in ya ƙi tashi sai a ɗora shi a lori a kai Kano, mai shi ya koma tafiyar ƙasa har ranar da Allah ya yi. Da ya kafa rumfa a gindin tsamiya duk suka dawo wurinsa. Abincinsa ke nan gaba ɗaya, ba gona ba fatauci, kuma wannan ne ya kumbura masa kai.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya aikin. Ya ce ƙasa ce take kashe babur a ƙasarmu, ba tsufa ba. Fetur ba ya shiga tanki a rumfarsa sai ya bi ta cikin tsohuwar hular soja an tace shi. Kafireta yakan kwance ta a kan farin ƙyalle, ya wanke kowane ɗan ƙarfe, ya sa baki ya hure ƙananan ramukan, ya ɗaga su sama yana leƙen rana ta ciki. Sarƙa kuwa cire ta yake yi ɗungurungum, ya jiƙa ta a kananzir har yashin ya kwanta a gindin kwano, ya shanya, sannan ya tsoma ta a baƙin mai mai ɗumi. Wanda ya tsallake rafi babur ya mutu masa, sai ya buɗe inda wuta take fitowa ya busar, ya kankare fulogi, ya buga sau ɗaya ka ji ya ɗauka. Wayoyin ƙafa yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa, don gargada tana sassauta su har ƙafar ta fara rawa.

Sai dai duk wanda ya kawo gyara da zagi yake tafiya, kyauta. Na tuna ranar da Baballe mai sayen gyaɗa ya turo nasa, sarƙar ta daskare ta kwashi turɓaya ta zama kamar igiyar rijiya. Ashe baƙin mai ne ya ƙare masa a ƙauye, ya karɓi man gyaɗa a wurin matarsa ya zuba. Kofur ya shafa ya sansana, ya miƙe tsaye don kowa ya ji.

"Baballe, babur ka kawo mini ko ƙosai? In suya za ka yi ka faɗa in nemo maka tanda."

"Haba Kofur, ai mai duk mai ne."

"Haka ne. Kai ma mutum ne, jakinka ma yana da kai. Matsa daga nan kada ka shafa wa sifanata wauta."

Baballe magidanci ne mai 'ya'ya, ya tsaya ana yi masa dariya, ya haɗiye don ba shi da wani wurin zuwa. Haka kowa yake haɗiyewa.

Mu ne ba mu haɗiye ba. A Ranon da na tashi a ciki, duk wanda zai daki ƙarfe da guduma don neman abinci, ko mai gyaran keke ne ko mai yin fitilar gwangwani, sai ya zo ya gai da Sarkin Maƙera kafin ya kafa rumfa. Ba wani abu ne mai wuya ba. Ya riƙo goro, ya cire takalmi a bakin maƙera, ya durƙusa ya ce ya zo neman albarka, a ce masa Allah ya ba da sa'a. Shi ke nan. Daga ranar wutarmu tasa ce, duk lokacin da ƙarfe ya fi ƙarfin hannunsa ya kawo a zuga masa. Sarkin Maƙera a lokacin Baffa Ɗalhatu ne, ƙanin mahaifina, dattijo marar son hayaniya. Da aka ga Kofur ya yi nisa da aiki bai tsallako ba, Baffa ya ce wataƙila bai sani ba ne, ya daɗe a waje. Ya aike ni in tuna masa cikin ladabi.

Na je na yi sallama na faɗi saƙo. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Je ka gaya wa tsohon nan durƙuson da na yi wa Turawa ya ishe ni har in mutu. Ni ba maƙeri ba ne. Ƙarfen da nake taɓawa ya haye teku kafin ya zo nan. Naku na tonon rogo ne da tsinken tsire. Ranar da na ga babur yana bukatar lauje zan aiko."

A gaban mutane ya faɗa, ranar kasuwa. Na dawo na ce wa Baffa ya bar ni in koma da masaba, gudumarmu ta ƙira. Baffa ya ce in zauna. Ya tara maƙeran gari, ya ce daga yau babu wanda zai zuga wa Ishiyaku wuta, babu mai sayar masa da gawayi, babu mai ara masa awartaki. Bai ɗaga murya ba. Maganar ta kai har maƙeran Kibiya, su ma suka ce sun ji.

Shekaru suka shuɗe bai bukace mu ba, kuma ba ya barin mu manta da hakan. In ina zuga wuta da safe sai ya tayar da babur ya juyo bakin salansa saitin ƙofarmu, ya yi ta murɗa shi har hayaƙi ya cika mana maƙera. Ni kuma in na fito zubar da toka nakan duba inda iska take kaɗawa tukuna. Ba ma gaisawa. Ko a masallaci in na gan shi a sahu sai in nemi wani gefen.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai, bayan ɗaukewar ruwa, Malam Sule malamin dabbobi ya faɗa wani rami a hanyar Kahu. Shi bai ji ciwo ba, amma ƙashin babur ɗin, wato bututun ƙarfen da yake riƙe da wuya, ya tsage daidai mahaɗa. Wannan ba gyaran sifana ba ne. Sai an tuɓe babur tsirara, a sa mahaɗar a wuta har ta yi ja sosai, a narka tagulla da sinadari ta bi ta shige cikin tsagar. Aikin maƙera ne tsantsa, kuma a Rano wutar da za ta iya shi ɗaya ce.

Malam Sule mutum ne mai haƙuri, amma lokacin allurar shanu ne, Fulanin rugagen Kahu da Unguwar Gai suna jiransa. Ina jinsa daga inda nake yana cewa, "Kofur, in ba zai yiwu a nan ba ka faɗa mini, in ɗora shi a lori. Yanzu motar Kano ba wuya take ba." Gaskiya ya faɗa, motoci sun yawaita, kuma sauran masu babura sun gaji da zagi, dalili kawai suke nema. Kowa ya san in wannan babur ya hau lori, sauran za su bi shi ɗaya bayan ɗaya, rumfar gindin tsamiya ta mutu. Kofur ya san haka fiye da kowa. Ya ce, "Malam, ka dawo in kasuwa ta zagayo, za ka hau abinka."

Kashegari da hantsi Luba matar Kofur ta shigo gidan Baffa, ta bi ta wajen mata aka yi mata iso. Ina zaune a zaure. Mace ce mai kunya wadda ba a jin muryarta, ban san yadda ta jure zama da shi ba. Ta durƙusa, ta kwance gefen mayafi ta ajiye goro.

"Baba Sarki, na zo neman albarka ne a madadin maigidan. Ku dubi yaran, kada ku dubi bakinsa."

Baffa ya daɗe yana kallon goron. Ya ce, "'Yata, shi ya aiko ki?"

Ta sunkuyar da kai.

"To ɗauki abinki, Allah ya yi miki albarka. Ba goro nake so ba, ina da na ci. Gaisuwar mai sana'a da bakinsa yake yin ta. Hanya ce kawai tsakaninmu. Ya tsallako, ko hannu rabbana, ni da kaina zan riƙe masa awartaki."

Na ji haushin Baffa a ranar, don a ganina ya yi sauƙi da yawa. Ashe ban san Kofur ba. Da labari ya kai masa, a bakin rumfa ya tsayar da Luba lokacin da ta kawo masa abinci, ya yi mata tatas, wai ta je ta zubar masa da mutunci a gaban masu baƙin hannu. Ta ajiye kwanon ta juya tana share ido. Shi kuma ya ɗauki diga ya fara haƙa rami a bayan rumfa.

Wai wuta zai hura. Ya jera duwatsu, ya aika aka tattaro masa gawayin murhu daga gidaje, irin wanda mata suke kashewa da ruwa bayan girki. Mu gawayin ƙirya muke amfani da shi, mu muke ƙona abinmu a daji, domin shi ne yake riƙe zafi ya ratsa ƙarfe har ciki. Na murhu yana yin ja ya ruɗi ido, ya zama toka kafin ƙarfe ya ji a jikinsa. Maimakon zugazugi kuma ya jona famfon ba taya iska da wani bututu, yana ta bugawa yana gumi. Duk jaririn da aka haifa a maƙera ya san abin da zai fito daga wannan ramin.

Na tsallaka hanya, karo na farko tun ranar saƙon Baffa. Ba tausayi ya kai ni ba, so nake in gani da kyau. Tagullar ta narke kam, ta malale a saman mahaɗa tana ƙyalli, amma ƙarfen da yake ƙarƙashinta bai wuce jan garwashi mai mutuwa ba.

Na ce, "Kofur, wannan wutar ko gyaɗa ba za ta soya ba. Shafe ka yi, ba ta shiga ciki ba."

Ya ɗago, idanunsa sun yi ja da hayaƙi. "Wa ya kira ka? An gaya maka fartanya za a ƙera?"

"Ni dai na faɗa. In ka so ka ji."

"Fice mini daga nan, ɗan toka, kafin in sa ka a ramin."

Na fice, raina fes. Na faɗa masa gaskiya a gaban shaidu, kuma na san ba zai karɓe ta daga bakina ba ko da za ta cece shi.

Ya goge mahaɗar da magagari har ta yi sumul, ya shafa baƙin fenti, ya mayar da inji da tanki da ƙafafu. Ranar kasuwa Malam Sule ya zo ya ga abinsa tsaye kamar sabo, ya yi murna, ya miƙa hannu zai kama. Kofur ya ce a'a, shi zai fara hawa. Ban sani ba ko maganata ce ta tsaya masa a rai, ko kuwa so yake ya nuna mana. Ya buga, babur ya ɗauka, ya zagayo ta ƙofar maƙerarmu ya watsa mana ƙasa da ƙafar baya, sannan ya miƙe hanyar Kibiya a guje.

Bayan azahar wasu Fulani suka shigo da shi a kan jaki. Sun ce a gangaren wani rafi, inda gargada ta fi muni, suka ga babur ya rabu biyu, ƙafar gaba ta yi gabas, sauran ya kife a kansa. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, a ƙwauri da cinya. Aka ɗauko maɗori daga Kibiya ya ɗora. Babur ɗin kuma aka kwaso shi gunduwa biyu, aka jefa a lori. Na je na duba mahaɗar kafin motar ta tashi. Cikin tsagar fari fat, tagulla ko ɗigo ba ta shiga ba.

Baffa ya ce mu je dubiya. Na ce ba inda za ni, ya ce za ka. Muka shiga, Luba ta shimfiɗa mana tabarma, Baffa ya zauna ya ce, "Sannu Ishiyaku. Allah ya sa kaffara ne." Dattijo mai furfura, wanda aka zaga a kasuwa, shi ne ya tako ya zo. Kofur ya dube shi, ya dube ni, ya juya fuskarsa bango. Muka tashi. A hanya na ce wa Baffa in ya sake ambatar sunan mutumin nan da alheri a gabana zan bar masa maƙerar. Baffa ya ce in yi wa kaina linzami.

Ƙafar ta warke a karkace, ta kuma gajarce. Ya fito da sanda bayan an gama sussuka, ya share rumfa, ya shimfiɗa farin ƙyallensa. Malamin gona ne kaɗai ya kawo masa babur, ina jin don kunya. Ƙaramin abu ne, kafireta ce ta toshe. Ya kwance ya wanke ya hure ya mayar, hannunsa bai manta komai ba. Sannan ya jingine sanda, ya kama kan babur, ya ɗora ƙafar dama a kan abin bugawa.

Baburan nan sai mutum ya hau da dukan nauyinsa suke tashi. Ya danna, ƙafar ta lanƙwashe. Ya sake, ta sake lanƙwashewa, gumi ya keto masa. Ya zagaya ya gwada da hagu, sai gurguwar ta kasa riƙe shi a tsaye, ya tafi luuu ya dafa tsamiya. Mutane sun fara taruwa. Ni ina bakin maƙera, ban matsa ba, ban kuma kau da kai ba.

Malamin gona ya ce, "Kofur, kawo in buga maka, kai ka saurara."

Da ya ce to, da wataƙila ya ci gaba da cin abinci a sana'arsa. Amma Kofur ne. Ya ce, "Na ce ka taya ni? Kai da ko noti ba ka iya juyawa? Tsaya can." Ya sake hawa, ya danna da dukan ƙarfinsa, abin bugawar ya dawo ya doke shi, ya zube zaune a ƙasa. Malamin gona ya matso. Ya jira ya ga ya numfasa, ya kama babur ɗinsa ya buga sau ɗaya, ya tashi lafiya lau. Ya ajiye ladan gyara a kan akwatin sifanoni ya tafi, kuma bai sake dawowa ba. Babu wanda ya sake dawowa.

Bai koma Zinyau ba, bai kuma tsallako ba. Ya zauna a gindin tsamiyar nan ya koma facin tayar keke, da kwanon ruwa da ɗan gam da guntayen roba, aikin da ba ya son wuta ba ya son ƙafa. Luba ta kama sayar da ƙuli-ƙuli ta riƙe gidan. Ni kekena in ya yi faci na gwammace in tura shi har bakin tasha.

Daga baya babura suka cika gari, ƙanana masu sauƙin tashi, masu gyaransu kuma suka buɗe gareji can wajen tasha. Kofur ya tsufa a inda yake. In babur ya taho wucewa sai ka ga ya tsayar da hannu a cikin kwanon ruwa, ya karkata kai, ya bi shi da kunne. Sannan ya ɗaga murya kamar yana filin fareti.

"Kai! Sarƙarka ta saki!"

"Fulogi! Fulogi ne, ɗan banza, tsaya!"

Yawancinsu ba su san ko wane ne ba, wasu ma ɗauka suke yi taɓin hankali ne. Ba na jin ya taɓa yin kuskure ko sau ɗaya, domin nakan ga masu baburan daga baya suna turawa zuwa tasha. Haka ya yi ta kira shekara da shekaru, ina jinsa daga bakin wuta, kuma ban taɓa ganin wanda ya taka burki ba.